Saitin ƙananan magagarai shida don goge layin zubi: yadda na same shi

Duk wanda ya taɓa yi wa ƙaramin mutum-mutumin soja na ƙarfe fenti ya san takaicin kammala aiki sannan ya hango wani siririn layi da ya taso daga hular sojan, ya bi kafaɗa, ya gangara har takalmi. Ana zuba narkakken ƙarfen ne a mazubin roba mai ɓari biyu da inji ke juyawa da sauri, kuma wurin da ɓarin biyu suka haɗu ba ya rasa barin alama. Saboda wannan layi na sayi saitin ƙananan magagarai guda shida, na gwada su a kan sojoji masu tsawon milimita 28.

Gaskiya biyu daga cikin shidan ne ke yin aikin. Mai gefe ɗaya shimfiɗaɗɗe ɗaya kuma lanƙwasasshe shi ne gwani, domin yana bin hannu da ƙafa ba tare da ya baje su ba, mai kama da jelar ɓera kuwa yana shiga hammata da ninkin riga, inda babu abin da ke isa. Sauran huɗun ba kasafai nake ɗaukar su ba.

Sai dai magagari ba ya goge abin da ido bai gani ba, kuma ƙarfe mai sheƙi yana ɓoye layin sosai. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne in sa fitila ta gefe guda, in riƙa juya sojan a hankali har layin ya yi inuwa, sannan in bi shi da farce, tunda farce yana jin tudun da ido ya tsallake. Layin yana kewaye jikin ne gaba ɗaya, saboda haka idan ya ɓace a wuya, to zai sake ɓullowa a gashi ko a bayan kunne. A irin waɗannan wurare, da fuska da yatsu, na ajiye magagarin na kankare da bakin ƙaramar wuƙa, bayan da na shafe wa wani soja rabin gashin baki da goga biyu kacal.

Babban aibin saitin shi ne saurin toshewa. Ƙarfen da ake zubawa, wanda galibinsa kuza ne tun da masu ƙira da yawa suka rage amfani da dalma a farkon shekarun 1990, yana da laushi, don haka yana cika haƙoran magagarin har ya koma zamewa yana barin ƙarce. Buroshin tagulla yana fitar da shi, shafa alli kafin a fara kuma yana rage maƙalewar, amma babu ko ɗaya a cikin kwalin. Mariƙin ma siriri ne, yana gajiyar da yatsu. Wanda ke aiki da tsofaffin zubi masu dalma kuwa ya share garin ƙarfen, ya wanke hannu.

Ban san ingancin aikina ba sai da na wanke sojojin da sabulu da ruwan ɗumi don cire hodar mazubi, na fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka. Nan take layi biyu da na tsallake suka fito sarai, ɗaya a cikin cinya, ɗaya a ƙarƙashin bindiga, sai na koma da mai jelar ɓera na goge su na sake fesawa. Zan ci gaba da amfani da saitin, amma da zan sake saye, waɗancan biyun kawai zan nema masu kaurin mariƙi.