MODFLOW ko FEFLOW? Ga abin da na gani da idona

Ƙanena, tunda kana tambaya wacce za ka koya tsakanin MODFLOW da FEFLOW, manhajojin kwamfuta na lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ɗauki MODFLOW, kada ka tsaya wata-wata.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ce ta fitar da ita a 1984, kuma har gobe kyauta ce. Tana yanka ƙarƙashin ƙasa gida-gida kamar allon dara, sai ta lissafa ruwan da ke shiga da fita kowane gida. Sabuwarta, MODFLOW 6, ta fito a 2017.

Ni dai ta fitar da ni kunya. Akwai wani Alhaji mai gidajen haya a wajen Lekki, ruwan burtsatsensa ya fara ɗanɗanon gishiri, shi kuma ya dage sai an ƙara haƙa masa biyu a gefe. Na yi bayani har bakina ya bushe, ya ce injiniyoyi dama surutu gare su. Na koma ɗakina a Agege, na yi kwana uku a kan tsohuwar kwamfutata, janareta na ta kuka. SEAWAT na yi amfani da ita, ƴar gidan MODFLOW ce da ke la'akari da nauyin ruwa. Ka san ruwan teku ya fi na daɗi nauyi, yana kwance a ƙarƙashinsa, kuma a bakin teku in ruwan daɗi ya sauka mita 1, gishirin kan taso kusan mita 40. Da na nuna masa hoton gishirin yana hawowa shekara bayan shekara, sai ya yi shiru, ya ce a rage awoyin famfo. Har da kuɗin mota ya ƙara mini, abin da bai saba ba.

FEFLOW kuwa, to, ba a raina ta. Hans-Jörg Diersch ya fara ta a Jamus ta Gabas a 1979, yanzu tana hannun kamfanin DHI. Ita tana yanka ƙasa kamar raga mai kusurwa uku-uku, wadda ke bin lanƙwasar gaɓar teku da kyau, kuma lissafin zafi a jininta yake. Amma lasisinta kuɗin waje ne, kai kuma ɗalibi.

Kada zancen zafi ya ruɗe ka. SEAWAT ta 4 tana lissafa shi, ya ishe ka ko da a kan rijiyoyin nan masu zurfi da suka kai shimfiɗar ƙarƙashin ƙasa da ake kira Abeokuta, masu fito da ruwa da ɗumi. Sai ran da aikinka ya haɗa da tururi ko iskar gas za ka nemi manhajar TOUGH2, wadda Karsten Pruess ya fitar a Berkeley ta Amurka a 1991.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu cewa suna da FEFLOW "cikakkiya" a filashi. Na taɓa saya wajen wani mai shago a Ikeja, da rantsuwa da komai. Sati biyu ta ƙi buɗewa, ta bar mini ƙwayar cuta da ta cinye bayanan rijiyoyi na wata guda. Da na koma, wai bai taɓa ganina ba. Wasu ma MODFLOW ɗin da ke kyauta suke sayar wa yara.

Shiga shafin USGS ka sauke MODFLOW 6 da ModelMuse, manhajar da ake tsara aikin MODFLOW da ita, ita ma kyauta ce. Sannan ka fara bin masu haƙa kana karɓar bayanan shimfiɗun yashi da yumɓu, don nan ne wahalar take a Legas. In ka maƙale, ka same ni bayan Juma'a.