Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Amurka: fenti aka sayar min da sunan sabon giyabos

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mu da ke zaune a nan Amurka muke da ƙaunar tsofaffin motocin nan masu silinda takwas, da ku da ke gida kuna aiko da kuɗi a saya muku kayan gyara daga nan. Wata huɗu ke nan ina haɗiye maganar nan. Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne, shekaranjiya da daddare na sake cin karo da tallar mutumin da ya cuce ni, ya canja suna, ya canja lambar waya, amma hotunan su ne dai. Wani na nan zai faɗa ramin da na faɗa, kuma ba zan so ya zama ɗan uwana ba.

Motata Chevrolet Chevelle ce ta 1972, inji 350 mai silinda takwas (V8), da giyabos otomatik mai giya uku da ake kira TH350, wanda kamfanin General Motors (GM) ya fara sa wa motocinsa a 1969. Giyabos ne mai haƙuri, bai taɓa ajiye ni a hanya ba. Matsalarsa ɗaya ce: giyarsa ta ƙarshe ɗaya-da-ɗaya ce, wato inji ya juya sau ɗaya, farfela ta juya sau ɗaya. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya sa wa aksul ɗin baya haƙoran 3.73, wato farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya, taya kuma inci 26. Idan na hau babbar hanyar I-10 a nan Houston ina gudun mil 70, injin yana juyi wajen 3,400 a minti. Ƙara ta cika kunne, mai yana tafiya kamar an huda tanki, kai kanka kana jin tausayin injin.

Maganin da kowa ya sani shi ne a sa giyabos mai giya ta huɗu, wadda ke barin inji ya huta. Biyu ne suka fi shahara a wajen masu motocin GM: 200-4R da ya fito a 1981, da 700R4 da ya biyo shi a 1982. Giya ta huɗu a 700R4 0.70 ce, wato kafin inji ya gama juyi ɗaya farfela ta riga ta cika nata. A lissafin motata, juyin nan 3,400 zai sauko ƙasa da 2,400 a gudu iri ɗaya. Giyarsa ta farko kuma 3.06 ce, ta TH350 2.52, don haka har tashin mota sai ya ƙara kaifi. Wannan lissafin ne ya shiga raina, na shekara ina tara kuɗi dominsa.

Shagunan da na tambaya a gari duk sun ce min wanda aka kwance aka sabunta cikinsa da gaske ya haura dala 2,000. Sai na ga talla a wani shafin saye da sayarwa: 700R4 na bayan 1987, an sabunta komai, da kwanbata (abin da ke haɗa inji da giyabos otomatik) a haɗe, da garantin wata shida, dala 1,400, amma za ka ba shi tsohon naka a matsayin musaya. Na kira shi. Wallahi mutumin ya san sana'ar a baki. Ya yi min bayanin cewa na farko-farkon nan, na 1982 zuwa 1984, sandar da ke shiga kwanbata haƙora 27 gare ta kuma ba ta da ƙwari, na baya ne masu haƙora 30, kuma daga 1987 aka gyara yawancin raunin da ke cikinsu. Duk gaskiya ya faɗa. Da gaskiyar ya kama ni, domin na ɗauka wanda ya san wannan ba zai sayar da gwangwan ba.

Bai yarda in zo shagonsa ba. Ya ce yana ƙaura zuwa sabon wuri, kayan aikinsa duk suna ɗaure. Muka haɗu a filin ajiye motoci na wani babban kanti, ya zo da a-kori-kura, giyabos yana kan katako yana ƙyalli da fenti ruwan azurfa, an ɗaure kwanbatar a bakinsa da waya don kada ta faɗo. Na ce ina so a kwance farantin ƙasa in leƙa ciki. Ya ce an riga an sa sabon gasket an ɗaure notin da ma'auni, idan aka buɗe garanti ya ɓaci. Ya miƙo min takarda mai shafi ɗaya da aka buga a kwamfuta, babu adireshi, babu jerin kayan da aka canja. Na tura masa kuɗi ta manhajar nan da ke cire kuɗi kai tsaye daga banki zuwa banki, muka ɗora masa TH350 ɗina mai lafiya a bayan motarsa, ya tafi.

A takardar akwai layi ɗaya da na karanta ban tsaya a kansa ba: garanti ba ya aiki idan ba a saita kebul ɗin TV (throttle valve, kebul ɗin da ke tsakanin kafireta da giyabos) daidai ba. Nan ne gaba ɗayan damfarar take, kuma shi ne dalilin rubutun nan.

Ku fahimci abin da kebul ɗin nan yake yi. A TH350, kebul ɗin da ke zuwa kafireta aikinsa kawai ya sauko da giya idan ka taka totur har ƙasa. Ko ka cire shi mota za ta yi tafiyarta. A 700R4 da 200-4R ba haka ba ne. Kebul ɗin TV shi ne ke gaya wa giyabos yawan ƙarfin da inji yake bayarwa, shi kuma giyabos ya ɗaga matsin man giya gwargwadon haka don faifan kuloci su riƙe da kyau. Idan kebul ya yi sako-sako, ko ƙarfen da ke riƙe shi a jikin kafireta bai zauna a inda ya dace ba, matsin mai zai yi ƙasa, faifan giya ta uku da ta huɗu su riƙa zamewa har su ƙone, wani lokaci cikin 'yan mil kaɗan. Wannan gaskiya ce da duk bakanike ya sani. To ɗan damfara ma ya san ta. Ya san cewa duk 700R4 da ya mutu bayan an ɗora shi, zargi na farko kan mai ɗorawa zai faɗa. Don haka yana iya ɗauko wanda ya gama aiki daga wajen 'yan gwangwan, ya wanke, ya fesa fenti, ya sayar, ya kwanta hankalinsa kwance. Ranar da ka kira shi, amsarsa tana aljihu tun kafin ka buɗe baki.

Ɗora giyabos ɗin a mota ya ci mana ƙarshen mako biyu. Ya fi TH350 tsawo da kusan inci 3, sai da aka kai farfela aka rage ta aka daidaita. Aka matsar da ƙarfen da ke tallafe gindin giyabos baya, aka ja wayar lantarki zuwa makullin kwanbata, aka sayo ƙarfen kebul na musamman na kafireta. Wanda ya taya ni wani dattijo ne mutumin zangon Kumasi, ya fi shekara 30 yana aikin mota a garin nan, mu duka Baba muke ce masa. Tun ranar farko da ya shafa jikin giyabos ɗin ya ce, "Ɗana, fentin nan ya yi kauri da yawa." Na ce ai sabon aiki ne, Baba. Bai ƙara magana ba. Abin da ya yi, wanda daga baya ya zame min hujja, shi ne ya ɗaura gejin matsin mai a ƙofar gwaji da ke gefen direba, ya sa ni na ɗauki bidiyo yana jan kebul ɗin a hankali, allura tana ɗagawa nan take kamar yadda ake so.

Sati na farko a cikin unguwa lafiya lau, sai ɗan jinkiri tsakanin giya ta biyu da ta uku. Ranar Asabar na ɗauki ɗana muka kama hanyar San Antonio. Mun wuce garin Katy da kaɗan, injin ya fara kuka ba tare da motar ta ƙara gudu ba, kamar wanda ya taka kuloci ya manta ƙafarsa a kai. Giya ta huɗu ta tafi, ta uku ta bi ta. Na lallaɓa da ta biyu na gangara gefen titi. Na zaro sandar duba man giya, maimakon ja sai ga shi ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu, yana warin ƙonannen tuwo. Awa biyu muka yi a ranar Texas muna jiran motar janwe, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu, yaron ya yi shiru yana kallon fuskata. Wannan zaman na gefen titi ya fi asarar kuɗin yi min ciwo.

Na kira mutumin. Kafin in gama bayani ya ce kebul ne. Na ce ina da bidiyon geji. Ya ce in turo. Na tura. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba, tallar ma ta ɓace.

Da muka sauke giyabos ɗin a garejin Baba, muka zare kwanbatar, ya ƙirga haƙoran sandar a gabana da bakin sukudireba: 27. Ya kankare fentin da ke gefen dama, can baya inda farantin ƙasa yake haɗuwa da jiki, wurin da kamfani ke buga lambar da ke nuna shekarar ƙira. An cika wurin da fenti har ya shafe, lambar ta nuna na 1983 ne. Muka kwance noti 16 na farantin, gasket ɗin ne kaɗai sabo. Matatar mai tsohuwa ce baƙa ƙirin, maganaɗisun da ke ƙasa ya yi gashi da garin ƙarfe, ga laka mai kauri da za ka iya rubutu a kanta da yatsa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne notin famfon gaba. Baba ya haska fitila ya nuna min yadda fentin ya bi ta kan tsohon maiƙo da ƙura ya rufe kawunan notin ba tare da tsagewa ko ɗaya ba. Ya ce, "Ka gani? Sifana ba ta taɓa notin nan ba tun kafin a haifi yaronka." Robobin ciki sun bushe, suna karyewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli.

Asarar ba ta tsaya a dala 1,400 ba. TH350 ɗina ya tafi, kuma na tabbata shi ma an fesa masa fenti an sayar wa wani. Farfela an riga an yanke ta. Garin kulocin da ya ƙone ya shiga bututan mai da sashen sanyaya man giya na cikin lagireto, dole a wanke su tas ko a canja, in ba haka ba zai kashe duk giyabos ɗin da aka sa a gaba. Banki ya ce min tunda da hannuna na tura kuɗin, ba su da abin yi. Na shigar da ƙorafi a IC3, shafin da hukumar bincike ta FBI ke karɓar ƙorafin damfarar intanet, na kai wa 'yan sanda rahoto, amma ba ni da sunansa na gaskiya ko adireshin da zan kai ƙara ƙaramar kotu.

Da na fara ba da labarin a wuraren taron masu tsofaffin motoci, sai na ji ashe salon cutar ya fi nawa yawa. Akwai wanda aka sayar wa 700R4 da aka ciro daga ƙaramar a-kori-kura S-10 mai inji V6 (silinda shida) lita 2.8, bakinsa ba ya hawa injin V8 ko kaɗan. Akwai wanda aka ba na mota mai jan taya huɗu, sandar bayansa gajera ce, sai an wargaza shi gaba ɗaya kafin a canja ta. Wani kuma 4L60E aka miƙa masa, wanda ya fito a 1993. A ido kamar tagwaye suke, amma shi kwamfuta ke sarrafa shi, ba shi da wurin kebul ɗin TV, yana da babban soket ɗin wayoyi a gefen dama, kuma ba zai canja giya yadda ya kamata a motar kafireta ba sai ka sayi na'urar sarrafawa daban. Sai kuma masu karɓar kuɗin aikowa daga wata jiha, kaya ba ya zuwa har abada. Ku da ke Kano ko Yamai kuna sa a sayo muku, ku wannan ta fi shafa, domin kafin kwantena ta iso a buɗe kaya an yi watanni, babu wanda za ku kama.

Roƙona gare ku shi ne kada ku yi cinikin biri a sama. Ku je shagon da ƙafarku, ku ga tebur ɗin aiki da tsofaffin kayan da aka cire. A buɗe farantin ƙasa a gabanku kafin kuɗi ya fita. Gasket ɗin 'yan daloli ne, duk wanda ya ce buɗewa na ɓata garanti ku juya ku tafi. A zare kwanbata ku ƙirga haƙora, ku tafi da ɗan ƙarfen kankare fenti ku karanta lamba. Rasit ya ƙunshi suna da adireshi da jerin abin da aka canja, garanti kuma ya faɗi ƙarara yadda za a tabbatar da saitin kebul. Mai gaskiya shi da kansa zai nemi ku aiko masa da karatun geji kafin ku hau titi. Ku biya da katin bashi ko wata hanyar da ke da kariyar mai saye. Tsohon giyabos ɗinku kuma ya zauna a garejinku har sai sabon ya yi 'yan ɗaruruwan mil lafiya, ko da hakan na nufin ku ajiye kuɗin jingina a madadinsa.

Chevelle tana kan jak har yanzu a bayan garejin Baba, an lulluɓe ta da tamfol. Mun samo 200-4R, wanda Baba zai kwance da hannunsa ina tsaye, sai dai dole in nemo wata farfelar, domin shi tsawonsa kusan ɗaya ne da TH350, tawa kuwa ta riga ta gajarce. Tallar da na gani shekaranjiya tana yankin Houston: giyabos ruwan azurfa a kan katako, kwanbata ɗaure da waya, farashi dala 1,400 da musayar tsohon naka, garantin wata shida, kuma idan ka kira zai ce maka yana cikin ƙaura zuwa sabon shago. Na kai rahotonta ga masu shafin, zuwa safiyar yau dai tana nan ba a sauke ta ba.