Kafin ka sayi Maverick: wane kwafi ne zai bar maka dariyar Bret da ranta?

Duk wanda ya saba da finafinan kaboyi ya san yadda jarumi yake: ba shi da yawan magana, hannunsa na kusa da bindiga, in bos ya shigo gari shi ne zai tare shi a tsakiyar titi. Bret Maverick, jarumin tsohon shirin talabijin mai suna Maverick, ya saɓa wa wannan tsari gaba ɗaya. Ɗan karta ne mai yawo gari-gari da baƙar hula, ya gwammace ya sulale ta ƙofar baya da ya tsaya musayar wuta, kuma akwai takardar dala 1,000 da yake maƙalewa da fil a cikin kwat ɗinsa saboda ranar da ruwa zai ƙare wa ɗan kada. Da bakinsa zai ce maka shi matsoraci ne, kuɗi kawai yake nema. Amma a ƙarshen labari sai ka tarar shi ne ya ƙwato wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, yana yi yana ƙorafi. Mai karatu da ya tashi da tatsuniyar Gizo zai gane irin wannan wayon, sai dai shi Bret yakan juya wayonsa ne a kan macuta.

Shirin Maverick ya fara fita a tashar ABC ta Amurka ranar 22 ga Satumba 1957, ya ƙare a 1962. Roy Huggins ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Warner Bros ya shirya, James Garner ya fito a matsayin Bret. Zango biyar ne, kashi 124, duka baƙi da fari, kowane kashi kusan minti 50. Riƙe waɗannan alƙaluma, da su za ka kama mai son ya cuce ka. Kuma tun da wuri a sani, labarin ɗan caca ne, teburin karta da mashaya suna cikin kusan kowane kashi, don haka mai gida ya duba kafin ya kunna wa yara.

Matsalar mai kallon da Ingilishi ba harshensa ba ne ita ce, dariyar wannan shiri ba a faɗuwa ko duka take ba. Tana tsakanin abin da Garner ya faɗa da yadda ya faɗe shi: ɗan jinkirin da yake yi kafin ya amsa, murya a kwance alhali an ɗora masa bindiga, kallon gefe da yake yi wa wanda yake shirin yaudara. Duk kwafin da ya taɓa wannan murya ko ya gurɓata lokacin da magana take faɗowa, ya kwashe rabin abin da ka biya. Da wannan ma'auni za a auna kowane irin kwafi.

Zaɓin da ya fi kowane, kuma da tazara mai yawa, shi ne asalin muryar 'yan wasa da rubutun Ingilishi a ƙasan allo, wanda mutum ya zauna ya rubuta. Ko Ingilishinka na sakandare ne, wannan zai ɗauke ka. Dalili kuwa, kunne yana kama sautin, ido yana kama kalmar da ta kuɓuce wa kunne saboda karin harshen Amurkawa, fuskar ɗan wasa kuma ta cike sauran.

Ɗauki kashin nan na zango na biyu mai suna "Shady Deal at Sunny Acres", na 1958. Bret ya ci dala 15,000 a karta, ya kai wa wani mai banki ajiya da dare, gari na wayewa mutumin ya ce bai san zancen ba. Maimakon ya ɗauki bindiga, sai Bret ya samu kujera mai lilo a baranda ya zauna yana sassaƙa itace da 'yar wuƙa. Mutanen gari suna wucewa suna yi masa ba'a, suna tambayar ina kuɗin, shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum: "I'm working on it", wato ina kan aikin. A bayan fage ɗan'uwansa Bart da abokansu suna ta ɗana wa mai bankin tarko da hannun jarin ma'adinai na bogi. Kalmomi huɗu ne kacal, kuma ba sa canzawa. Abin da yake canzawa shi ne murmushin da ke tare da su da natsuwar muryar, har mai kallo ya fara dariya tun kafin Bret ya buɗe baki. In aka cire muryar Garner aka ɗora ta wani, ko mai fassara ya ga maimaicin ya yi yawa ya riƙa sauya kalmomin, wannan kashi ya mutu murus.

Rubutun da mutum ya yi yana da wani amfanin: yana ba ka kalmomin karta daidai, ka tsayar da hoto ka nemi ma'anarsu. Kaɗan ne, kuma su suke ta dawowa. "Call" a teburin karta ba kira ba ne, biyan daidai abin da abokin wasa ya zuba ne. "Raise" ƙari ne a kan abin da aka zuba. "Bluff" shi ne ka nuna kana da hannu mai ƙarfi alhali ba ka da komai, kuma wannan kalma ita ce halin Bret baki ɗaya. "Straight" katuna biyar ne masu bin juna a lamba. A kashi na uku na zango na farko, "According to Hoyle", wata mata mai suna Samantha Crawford ta cinye Bret ta hanyar jawo wata tsohuwar ƙa'ida daga littafin dokokin karta game da wannan "straight" ɗin. Wanda bai san kalmar ba zai ga dai mace ta kwashe kuɗi, ba zai gane cewa da doka aka kayar da gwanin wayo ba.

Haka kuma zantukan mahaifin Bret. Bret yana yawan cewa ga abin da tsohonsa yake faɗa, sannan ya kawo magana mai kama da karin magana amma an lanƙwasa mata wutsiya ta koma wajen son kai ko tsira da rai. Kamar a ce Bahaushe ya fara da "mai haƙuri yakan dafa dutse", kana jiran ya ce ya sha romonsa, sai ya ƙare da cewa mai wayo kuma ya jira a sauke. Daɗin yana wajen jin farkon da ka sani da ƙarshen da ba ka zata ba, kuma sai da ainihin kalmomin a gabanka za ka ga inda aka lanƙwasa.

Wajen saye, juya bayan kwalin faifan ka nemi inda aka rubuta "English SDH" ko "Subtitles: English". Na farkon an yi shi ne domin kurame, yana nuna har wanda yake magana da ƙarar ƙofa, kuma ya fi amfani ga mai koyo. Warner ta fitar da zango na farko a faifan DVD a 2012, na biyu a 2013, sauran ukun kuma ta reshenta na Warner Archive, wanda yake buga faifai gwargwadon oda. Faifan wannan reshe sau da yawa ba sa zuwa da rubutun ƙasa, don haka kada ka ɗauka tunda na farko yana da shi sauran ma suna da shi. Duba kowane kwali da kansa. Akan kulle faifan DVD da lambar yankin da aka yi shi dominsa: faifan Amurka na yanki na 1 ne, Nijeriya da Nijar suna yanki na 5. Da yawa daga cikin na'urorin DVD na kasuwanninmu suna karanta kowane yanki, amma na'urar faifai ta kwamfuta sau biyar kawai take yarda a sauya mata yanki, daga nan ta kulle a na ƙarshe.

In bidiyon da ka samu babu rubutu, ana iya haɗa shi da fayil ɗin SRT, wato ƙaramin fayil mai ɗauke da rubutun ƙasan allo. Ka sa wa fayil ɗin suna iri ɗaya da na bidiyon, ka ajiye su a wuri guda, manhajojin kallon bidiyo irin su VLC ko MX Player za su ɗauko shi da kansu. In rubutun ya riga magana ko ya makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu tun daga farko har ƙarshe, maɓallan G da H a VLC na kwamfuta suna matsar da shi kaɗan-kaɗan. In kuwa ya fara daidai sannan ya riƙa zamewa, matsalar gudun hoto ce: an yi rubutun don bidiyo mai hoto 25 a daƙiƙa, naka kuma 23.976 ne, ko akasin haka. Bambancin ya ɗan haura kashi 4 cikin 100, wato kafin ƙarshen minti 50 rubutun ya kauce da kusan minti biyu. G da H ba za su gyara wannan ba, sai ka buɗe fayil ɗin a manhajar Subtitle Edit ka sauya gudun. Kada ka yi haƙuri da rubutun da yake riga magana ko da daƙiƙa biyu ne, domin zai faɗa maka ƙarshen barkwancin kafin Garner ya kai wurin.

Sauran zaɓuɓɓukan ba sa buƙatar dogon bayani. Kwafin da aka ɗora wa muryar Faransanci ko wani harshe zai ba ka labarin, amma da muryar wani mutum daban a bakin Bret. Rubutun da inji yake yi da kansa a YouTube, balle in an ce ya juya shi zuwa Hausa, zai mayar maka da "call" kira, "straight" kuma miƙaƙƙe, ga tsohon sauti na 1957 da yake rikita shi. Ɗora muryar Hausa irin ta finafinan Indiya tana da daɗinta a fim ɗin faɗa da soyayya, amma mai fassara ya saba cike duk wani shiru da nasa barkwancin, alhali a Maverick shirun nan shi ne jarin.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane, kuma a nan ya kamata ka buɗe ido sosai. Sunan Maverick yana kan abubuwa da yawa. Akwai fim ɗin 1994 wanda Mel Gibson ya fito a matsayin Bret tare da Jodie Foster, Garner ma yana ciki amma a wani matsayi. Akwai shirin Bret Maverick na 1981, mai launi, lokacin Garner ya manyanta. Akwai ma fim ɗin jiragen yaƙi na 2022 da ba ruwansa da kaboyi. In ka ce wa mai tura finafinai a waya ya sa maka Maverick, ɗaya daga cikin waɗannan zai fara miƙo maka. Gwajin mai sauƙi ne: in ka ga launi, ba shi ba ne. In hoton ya cika faffaɗan allo har gefe da gefe, to an miƙe shi ko an yanke sama da ƙasa, domin asalinsa 4:3 ne, dole a ga baƙi a dama da hagu a talabijin na zamani. Wanda aka yanke yakan cinye hula da hannun da ke riƙe da katuna.

Sai masu cewa duka zango biyar suna cikin faifai ɗaya. Yi lissafi: faifan DVD na gama-gari yana ɗaukar gigabait 4.7, in ka raba wa kashi 124 kowanne zai samu kusan megabait 38 na minti 50. A wannan matsi fuska takan koma dusu-dusu, ba ka ganin motsin ido, sautin kuma kamar daga cikin tulu. Kashi ɗaya mai kyan gani yana cin megabait ɗari uku zuwa sama. Duba tsawon lokaci ma: in kashi ya tsaya a minti 42 ko 44, an ɗauko shi ne daga tashar da ta yanke don saka talla, kuma abin da ake fara yankewa shi ne hirarrakin da ba sa tura labari gaba, wato daidai inda dariyar take. Wasu kuma sukan cike gurbi da wasu shirye-shiryen kaboyi na Warner na wannan zamani, irin su Cheyenne da Sugarfoot, tunda duk baƙi da fari ne kuma garuruwan sun yi kama. Kafin ka biya, sa a buɗe maka kashi uku daga wurare daban-daban, farko da tsakiya da ƙarshe, ka ga sunan shirin a allo.

Amma kada ka zargi mai sayarwa a inda ba shi da laifi. Kashin da babu Garner a ciki ba lallai jabu ba ne. Tun daga kashi na takwas aka shigo da Jack Kelly a matsayin Bart, domin a riƙa ɗaukar kashi biyu a lokaci guda, suka riƙa karɓa-karɓa, wani lokaci su haɗu. Garner ya bar shirin a 1960 bayan rikicin kwantiragi da Warner, sai Roger Moore ya shigo zango na huɗu a matsayin ɗan'uwansu Beau. Saboda haka in Bret kake nema, kuɗinka ya tsaya a zango uku na farko. Haka nan shuɗi-shuɗin ƙasan faifai ba ya nuna jabu kai tsaye, domin faifan Warner Archive na gaskiya ma irin wanda ake ƙonawa ne, wato faifan da babu komai a kansa aka zuba masa bidiyo. Ingancin bugun kwali da yawan faifan da ke ciki su za ka duba.

Wajen neman rubutu a intanet ma akwai tarko. Fayil ɗin SRT na kashi ɗaya 'yan kilobait ne, bai kai megabait ɗaya ba, kuma yana buɗuwa a matsayin rubutu zalla. Duk shafin da ya ba ka abin da ya ƙare da exe ko apk, ko ya ce sai ka saka lambar waya ko ta katin banki kafin ka sauke, rufe shi nan take.

In kuɗinka na zango ɗaya ne, ɗauki na biyu. Farkon zango na farko ya fi kusa da kaboyi na gargajiya, barkwancin bai gama nuna ba. A na biyu ne za ka samu kujerar lilon nan, da "Duel at Sundown" inda Clint Eastwood yana saurayi ya fito a matsayin ɗan bindiga mai cika baki. Akwai kuma "Gun-Shy", wanda gaba ɗayansa tsokanar wani shirin kaboyi ne mai suna Gunsmoke. Wannan ka ajiye shi sai ka kalli ko kashi biyu na Gunsmoke ɗin, in ba haka ba za ka ga ana ta kwaikwayon wani mutum da ba ka taɓa gani ba.