MusicBee da tarkacen waƙoƙina, bayan wata uku

Kawuna ne sanadin sauke manhajar nan ta tsara waƙoƙi da kunna su a kwamfuta. Wata Juma'a muna kan hanya daga Gusau zuwa Talata Mafara, ya ce in sa masa Sa'idu Faru. Na san ina da shi, amma a ina? Rabin abin da ke filas ɗina sunansa AUD kaza WA kaza, irin sunan da WhatsApp ke raɗa wa sauti, sauran kuma lambobi ne zalla kamar yadda masu turi a kasuwa suka zuba mini. In latsa wa'azi ya fito, in sake latsawa waƙar Indiya. Har muka wuce Maru ina fama. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, mi kaka biɗa tun ɗazu? Bar shi, kunna muna rediyo." Na ji kunya ba kaɗan ba.

Wani abokin aiki ya ce in gwada MusicBee, kyauta ce. Na nuna mata foldar, ta kwashe fayil dubu huɗu da ɗoriya kafin in gama shan shayi. Abin da ban sani ba sai ranar: ita ba sunan fayil ta fi dubawa ba, bayanin da aka binne a cikin MP3 take karantawa, wanda ake kira ID3, wato sunan mawaƙi, sunan waƙa, shekara da nau'i. Nan asirina ya tonu. Ɗanƙwairo kaɗai ya fito mini a matsayin mutum biyar: Dankwairo, Dan Kwairo, Alh. Musa, da wasu biyu da mai turi ya maƙala lambar shagonsa a gurbin suna. Na zaɓe su gaba ɗaya, na rubuta suna sau ɗaya, suka koma mutum guda. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai cikin dare.

Daga nan na ƙirƙiri nau'o'ina: fada, noma, dambe, bege, zamani. Akwai jerin da ke cika kansa da kansa, ka gindaya masa sharaɗi kawai. Nawa na ce duk waƙar fada da ta wuce minti goma ta shiga, na kira shi "Tafiya". Ko yau na ƙara sabuwa, in dai ta cika sharaɗin zan same ta a ciki.

To amma kada wani ya ɗauka aikin minti biyar ne. Neman bayani daga intanet bai tsinana mini komai ba a kan makaɗanmu na gargajiya, don yawancin waƙoƙin daga kaset aka juyo su, babu wanda ya taɓa shigar da su rumbunan Turawa. Da kunne na bi su ɗaya bayan ɗaya, mako uku, in an kawo wuta. Sannan na yi wautar ce mata ta jera fayilolin cikin folda-folda tun ban gama gyaran suna ba, sai ɗaruruwa suka tare a wuri guda babu mawaƙi. Laifina ne, amma daren nan na kusa goge ta don haushi. Kuma a kwamfuta mai Windows take aiki, wanda waya kaɗai gare shi sai ya nemi wata.

Abin da ya fi ƙona mini rai rediyon motata ne. Na ɓata lokaci ina rubuta ɗ da ƙ yadda ya kamata, manhajar ta karɓa lafiya lau, shi kuwa ɗan rediyon sai alamar tambaya yake nunawa a gurbinsu. Dole na ware kwafi na biyu marar lanƙwasa don mota.

Makon jiya na sake ɗauko Kawu. Tun kafin mu kai Bunguɗu, Sa'idu Faru ya fara tashi. Bai ce komai ba, ya dai miƙa hannu ya ƙara murya.