Siminti ko zibala? Amsa ga mai tambaya kan gidan kakansu

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce gidan kakanku na Maiurno, kusa da Sennar a Sudan, ginin jalus, wato na laka zalla, ya yi damina biyu a rufe, bangon waje ya zaizaye, 'yan'uwa kuma sun rabu: wasu na cewa a shafe shi da siminti a huta, kai kana so ya zauna da kamanninsa na dā. An gwada duka biyun a gidanmu, siminti da zibala, wato yaɓen laka da kashin dabbobi, don haka bari in jera maka su.

Abin da ke jan mutane ga siminti a fili yake. Bango ya yi sumul, ya karɓi fenti, ba wari, ba neman mai yaɓe duk shekara. A shekarun farko mai gida har tausayin maƙwabta yake ji. Sai dai siminti da ginin ƙasa ba sa jituwa. Ƙasa tana shan laima ta kumbura, rani ya zo ta tsuke, shi kuwa siminti da ya sandare ba ya motsi. Ga kuma baƙar ƙasar yankin Sennar, wadda kai ma ka san yadda take dārewa da rani har ƙafar yaro ta shige, tana ɗaga gini tana sauke shi. To sai ɗan tsagu ya fito, siriri kamar zare. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, domin simintin da aka sa ya tare ruwa shi ne ya tsare shi a ciki. Bango na narkewa a ɓoye, fuska tana ƙyalli.

Mu da aka yi wa namu, maginin ya buga ƙusoshi ya ɗaura ragar waya, ya rantse ba abin da zai taɓa shi. Ƙusoshin suka yi tsatsa. Wata rana na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, na ji yana amsawa kamar ganga. Damina ta gaba ya ɓallo falle guda, ya tafi da ƙasar bangon kusan kaurin tafin hannu, muka tarar gara ta yi gari a baya. Idan akwai inda aka taɓa shafa siminti a gidanku, je ka ƙwanƙwasa ka saurara.

Zibala kuwa jinin bangon ce. Ƙasa ce da kashin jaki ko na shanu da ɗan tibin, wato busasshiyar ciyawa da aka daddatsa, a kwaɓa, a bari ta ruɓa kwanaki, sannan a yaɓa da hannu. Tana kumbura tare da bango, tana tsukewa tare da shi, laimar da ta shiga kuma rana da iska su janye ta. Aikinta shi ne ruwa ya ci ta maimakon ya ci bango, shi ya sa duk inda ta lalace ido zai gani tun da wuri, a toshe da damtse biyu na laka. Kamannin da kake magana ma a nan yake: sawun yatsu, kusurwa mai laushi, launin ƙasar garin. Siminti yana miƙar da komai ya zama kamar shagon kasuwa.

Aibinta ba zan ɓoye maka ba. Tana wari kwanakin farko, matan gida za su yi mita. Kuma ba a yi mata fashi. A Omdurman, inda ruwa bai da yawa, mutum kan tsallake shekara ya tsira, amma ruwan Sennar ya ninka na can, daga Yuli zuwa Satumba ba wasa. Waɗanda suka iya kwaɓin ma yawanci sun manyanta. (Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin nan sun baro ƙasar da ake shafe soro da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, da laso na katsin marina da gashin awaki. Da suka iso bakin Nilu suka ɗauki abin da suka tarar. Ka tambayi dattawan unguwa, za ka sha labari.)

Ta fuskar kuɗi, siminti sai an yi dakonsa daga nesa, irin su Atbara, ga yashi, ga raga, ga magini, a biya da yawa lokaci guda, a sake biya ranar da ya ɓallo. Kayan zibala suna garke da gona, kuɗinta ƙwadago ne, kaɗan-kaɗan amma kullum.

Ni dai da gidana ne, zibala zan yi, in bi ta da jir, wato farar ƙasa ta shafe bango. A jiƙa jir ya kwana sosai, a shafa shi tsararo sau uku ko huɗu, kowane shafi ya sha iska kafin na gaba. Mai kauri ɓarewa yake. Yana haskaka gida, yana rage zafi, kuma bai toshe numfashin bango. Fentin mai kada ya kusanci wurin. Inda 'yan'uwanka suke da gaskiya shi ne gindin bango, wurin da ruwa ke fantsama ya kwanta. Nan a yi gishra, wato a lulluɓe fuskar bangon da jan bulo zuwa gwiwa, a cike ƙasa ta gangara waje.

Amma kafin duk wannan, hau rufin. Gidan da ya yi damina biyu ba kowa, sau da yawa ba yaɓe ne ya fara cutarsa ba, sabaluka ce, wato indararo, ta toshe ko ta karye, ruwa ya riƙa bin jikin bango. Gyara ta, ka ƙara mata tsawo ta zubar nesa da gindi, ka duba kan azara inda ta shiga bango ko gara ta taɓa. Tsohuwar ƙofar, in ta sunut ce, wato bagaruwa, kada ka bari a musanya ta da ta ƙarfe. A kankare, a shafa mata mai, ta fi mu ƙwari.

Aikin a gama shi a watan Mayu ko farkon Yuni, yaɓen ya bushe kafin hadari. Ka ɗauko mana hoton gindin bangon ta gefen da ruwa ya fi duka, da na bakin sabaluka, in gani ko yaɓe kaɗai zai isa ko sai an fara cike ramuka da laka.