Zaɓen Na'urar Ji Ga Jaririn Da Aka Haifa Kurma

Kafin iyaye su fara tambayar wane kamfani ya fi, ya kamata su san cewa ƙwaƙwalwar yaron ce ake tseren cetowa. Sashenta mai sarrafa sauti yana ginuwa ne da abin da ke isa gare shi a shekarun farko, idan kuma shiru ya daɗe, gani da taɓawa sukan mamaye wani ɓangare nasa. Binciken masaniyar ji Anu Sharma a Amurka ya nuna cewa yaran da aka yi wa dashen na'urar ji a cikin kunne kafin shekara 3 da rabi, galibi ƙwaƙwalwarsu tana amsa sauti daidai da ta tsaransu masu ji, amma waɗanda suka haura shekara 7 da wuya su kai haka. Saboda wannan ne masana ke son a auna jin jariri cikin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

Na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa a bayan kunne ba ta buƙatar tiyata, kuma ta wadatar ga yaron da ke da sauran ji mai amfani. Wanda aka haifa da ramin kunne a toshe, na'urar da ke aika sauti ta ƙashin kai ce ta dace da shi.

Idan kurumtar ta yi tsanani, ƙara sauti ba zai isa ba, domin ƙananan gasun da ke cikin katantanwar kunne, wato sashen can ciki mai siffar katantanwa, su ne suka lalace. A nan ake dasa siririyar waya cikin katantanwar, ta riƙa zungurar jijiyar ji da lantarki kai tsaye. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan dashe ga 'yan shekara 2 a 1990, ga 'yan wata 12 a 2000, sannan ga 'yan wata 9 a 2020. Manyan masu ƙera shi su ne Cochlear na Ostareliya mai bakin lantarki (wuraren da wayar ke zungurar jijiya) 22, da Advanced Bionics mai 16, da MED-EL na Ostiriya mai 12. A ganina wannan adadi bai kai ya hana iyaye barci ba. Abin da ya fi shi nauyi shi ne wa zai riƙa daidaita na'urar bayan tiyata, shekara da shekaru, ina za a samu batir da kayan gyara, ko maganaɗisun da ke ciki zai bari a ɗauki hoton MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu), da kuma ko za a yi wa kunne biyu, tun da da biyu ne ƙwaƙwalwa ke koyon gane inda sauti ya fito. A kuma tabbatar an yi wa yaro rigakafin sanƙarau kafin aikin.

Inda jijiyar ji ba ta nan, akwai dashen da ake yi a tushen ƙwaƙwalwa, sai dai fahimtar magana da shi ba ta kai ta dashen katantanwa ba.

Duk wanda aka zaɓa, ina roƙon iyaye kada su bar yaro babu harshe suna jiran ranar tiyata. Maganar hannu cikakken harshe ce, sassan harshe na ƙwaƙwalwa suna karɓar ta, kuma ita ce za ta zame masa hanyar magana duk lokacin da aka cire na'urar da dare ko batir ya ƙare.