Agogon kiran sallah a ɗakin samari: ya ci kuɗinsa, in an saita shi daidai

Agogon nan mai kiran sallah, na bango ko na tebur, da ake samu a shagunan kayan lantarki na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna, babban amfaninsa ga matashi shi ne raba shi da waya da dare. Yaro kan ce, "Baba, ai da ita nake tashi Asuba," a bar masa, ya kai ƙarfe ɗaya yana TikTok. Likitoci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma ƙarancinsa na jawo saurin fushi, kasala da damuwa. Alfijir a Kaduna na ketowa wajen ƙarfe 5, don haka kwanciya kada ta wuce 9 ko 10, a cike giɓin da ƙailula. Dama Annabi (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i.

Wajen saiti ake samun matsala. In babu Kaduna a jerin garuruwan, a saka lambobin matsayinta a taswira da hannu: 10.5 arewa, 7.4 gabas, lokaci GMT+1. A kashe DST, wato ƙarin awa ɗaya da wasu ƙasashe ke yi wa agogo a wani ɓangare na shekara, Najeriya ba ta canjin agogo. In aka bar shi a kunne, kowace sallah za ta goce da awa guda. La'asar kada a zaɓi Hanafi, zai jinkirta ta kusan awa ɗaya, mu lissafin inuwa ɗaya muke bi, wato inuwar abu ta ƙaru da tsawonsa sau ɗaya. In aka ɗauki tsarin Umm al-Qura, wato lissafin lokutan sallah na Saudiyya, Isha'i za ta zo minti 90 bayan Magariba, a makare ke nan. A gwada da ladanin unguwa na kwana uku, a gyara 'yan mintocin.

Lasifikarsa ba ta da ƙarfi sosai, mai nauyin barci sai an ajiye masa nesa da katifa, yadda dole ya miƙe ya kashe. A sa batir mai kyau, don wasu na zubar da saiti in ya mutu.

Sallah kan lokaci na tsara wa yaro yini, jam'i na fitar da shi cikin mutane. Amma in ya yi mako biyu cikin ƙunci, ba ci ba barci, ko yana maganar mutuwa, kada a tsaya cewa raunin imani ne. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa.